Zaɓen gwamnoni na 2023: me ya sa sakamakon 18 ga Maris ya saɓa wa na 25 ga Fabrairu?

Mai_Bibiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda Kotun Ƙoli ta kammala yanke hukunci a kan shari'o'in gwamnoni a watan Janairun 2024, ina ganin ƙura ta lafa yadda za mu iya zama mu dubi sakamakon zaɓen gwamnoni na 2023 cikin natsuwa. An yi zaɓen ne a jihohi 28 ranar 18 ga Maris, bayan an ɗaga shi da mako guda domin a sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Da aka kammala har da ƙarashen zaɓen Adamawa da Kebbi, APC ta samu jihohi 16, PDP ta samu 10, LP ta ɗauki Abiya, NNPP kuma ta ɗauki Kano.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda jihohi da dama suka juya cikin mako uku kacal. Atiku Abubakar ya ci Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Gombe da Yobe a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, amma dukansu APC ce ta ci kujerar gwamna. A ɗaya ɓangaren kuma Tinubu ya ci Zamfara da Oyo da Ribas, amma PDP ce ta ci gwamnoninsu. Ra'ayina shi ne talaka ya waye, ya bar siyasar sak ya koma duba cancantar mutum a kowace kujera. Ina son jin ko kun yarda da wannan fassarar, ko kuwa akwai wani dalili da ya fi ta ƙarfi.

Bakatsine_Na_Asali:
Wa alaikumus salam, Malam Mai_Bibiya. Tambayarka tana da muhimmanci, amma alƙaluman jiharmu ba su goyi bayan fassararka ba. A zaɓen shugaban ƙasa Atiku ya samu ƙuri'u 489,045 a Katsina, Tinubu ya samu 482,283. A zaɓen gwamna kuma Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya samu 486,620, shi kuwa Dikko Umaru Raɗɗa ya samu 859,892. Ka ga ƙuri'un PDP kusan ba su motsa ba, na APC ne suka kusa ninkawa. Da a ce mutane ne suka sauya ra'ayi daga wannan jam'iyya zuwa waccan, da an ga na PDP sun ragu sosai. Abin da ya faru shi ne dubun dubatar mutanen da suka zauna a gida a watan Fabrairu sun fito a watan Maris. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me ya hana su fitowa da farko, me kuma ya fito da su daga baya?

Hajiyar_Kasuwa:
Amsar tambayar Malam Bakatsine ba ta da nisa ga duk wanda yake harkar kasuwa a lokacin. Ƙarancin takardun naira ne. A watan Fabrairu mutane suna kwana a layin banki ba su samu ko naira 5,000 ba, mai awo ba ta sayar ba, mai saye kuma ba shi da abin biya. Jama'a sun fusata da jam'iyya mai mulki, wanda bai iya jefa wa adawa ba sai ya yi zamansa a gida. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara, Babban Banki kuma bai bi umarnin ba sai ranar 13 ga wata, kwana biyar kafin zaɓen gwamnoni. Kada kuma a manta cewa gwamnonin APC na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai ƙarar, don haka 'yan takarar jam'iyyar a jihohi sun samu bakin cewa su ba da yawunsu aka jefa mutane cikin wahala ba.

Ɗan_Gusau:
Hajiya, bayaninki yana da ƙarfi, amma Zamfara ta karya shi. Bello Matawalle yana cikin gwamnoni ukun da suka kai ƙarar da kika ambata, kuma shi ne kaɗai gwamna mai ci da ya faɗi a cikin gwamnoni 11 da suka nemi zarcewa a wannan zagaye. Tinubu ya samu 298,396 a jihar, Matawalle ya samu 311,976, wato APC ba ta yi asarar komai ba. PDP ce ta tashi daga 193,978 na Atiku zuwa 377,726 na Dauda Lawal. Abin da Malam Bakatsine ya nuna a Katsina shi ne ya faru a wurinmu, sai dai a juye.

Mu a nan abin da ya fito da mutane shi ne tsaro. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, da ma'aikacin da haƙƙinsa yake maƙalewa, da ɗan fansho da ya gaji da jira, duk sun san cewa gwamna ne na kusa da su. Shugaban ƙasa yana Abuja, amma gwamna kullum ana ganin ayarin motocinsa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a 2019 ba ƙuri'a ce ta ba Matawalle kujera ba, hukuncin Kotun Ƙoli ne na ranar 24 ga Mayu da ya soke ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fitar da gwani yadda doka ta tanada ba. Ya koma APC a 2021, manyan 'yan siyasar jihar kusan duka suka haɗu a inuwa ɗaya, aka ɗauka magana ta ƙare. A wannan gaɓar dai na yarda da Malam Mai_Bibiya, domin jama'a sun nuna cewa haɗuwar manya ba ita ce haɗuwar talakawa ba.

Malamin_Lissafi:
Akwai wani lissafi da ya kamata a saka a ciki. Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 na mutum huɗu ne, amma zaɓen gwamna a kusan kowace jiha na mutum biyu ne. Ku dubi Kaduna. A watan Fabrairu Atiku ya samu 554,360, Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494, Kwankwaso kuma ya haura 90,000. Da aka zo na gwamna, ɗan takarar LP Jonathan Asake bai kai 60,000 ba, domin akasarin masu zaɓen kudancin jihar sun ga cewa idan suka raba ƙuri'arsu to sun ba APC nasara a ɓagas, sai suka koma bayan Isa Ashiru. Su ma magoya bayan APC da suka ga abin da ya faru a Fabrairu sai suka tashi tsaye. Aka ƙare Uba Sani yana da 730,002, Isa Ashiru yana da 719,196, tazarar 10,806 kacal a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Wannan ba cancanta kaɗai ba ce, dabara ce ta mai zaɓe da ya san inda ƙuri'arsa za ta yi tasiri.

Dattijon_Zazzau:
'Ya'yana, ina jin daɗin yadda kuke kawo alƙaluma maimakon zage-zage. Ina so in tunatar da ku cewa jerin yadda ake yin zaɓe shi kansa yana da tasiri, kuma ba kullum aka saba yinsa haka ba. A 1999 zaɓen gwamnoni aka fara yi a watan Janairu, na shugaban ƙasa ya biyo baya a ƙarshen Fabrairu. A 2003 rana ɗaya aka yi su, 19 ga Afrilu, kuma a ranar ce Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano albarkacin guguwar Buhari. A 2007 ma na gwamnoni ne ya riga da mako guda. Daga 2011 ne aka koma fara yin na shugaban ƙasa.

Idan an riga an san wanda zai hau kujerar Abuja, akwai ɗimbin mutane, musamman 'yan siyasa na tsakiya da 'yan kwangila da masu neman muƙami, da ba sa son a wayi gari suna cikin adawa. Cikin mako ukun nan da kuke magana a kai, an yi ta sauya sheƙa da janye wa juna takara a jihohi da yawa. A 2015 mun ga irin wannan ƙarara, lokacin da Buhari ya ci ranar 28 ga Maris, sannan jihohin Arewa suka bi sahu ranar 11 ga Afrilu. Shi ya sa a 2018 Majalisar Tarayya ta nemi sauya jerin zaɓen, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu. Ba na cewa wannan ne kaɗai dalili, amma duk wanda ya bar shi a waje lissafinsa bai cika ba.

Mai_Bibiya:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma. Idan bin mai nasara ne ya yi aiki, yaya za mu fassara Filato da Zamfara da Kano, jihohin da suke hannun APC amma suka suɓuce mata bayan an riga an sanar da nasarar Tinubu? Jihohi shida ne suka sauya hannu a wannan zagaye, uku daga APC, uku kuma daga PDP, wato Sakkwato da Binuwai da Abiya. Da guguwa ce da ta kaɗa ta ɓangare ɗaya.

Dattijon_Zazzau:
Gaskiyarka, ɗana, 2023 ba ta yi kama da 2015 ba, domin wanda ya ci shugabancin ƙasa bai kai kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa ba. Amma ka duba jihohi shidan da ka lissafa a farko waɗanda Atiku ya ci sannan suka koma APC. A can abin da na faɗa ya yi aiki.

'Yar_Jimeta:
Ku yi mini afuwa in karkata zuwa Adamawa, domin ba zai yiwu a yi maganar sakamakon wannan zaɓe ba tare da ita ba. Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta kayar da manyan maza a zaɓen fitar da gwani na APC, ciki har da Malam Nuhu Ribaɗu da tsohon gwamna Bindow, kotu ta soke takararta, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata, sannan ta tunkari gwamna mai ci a jihar da Atiku ya fito. Mata da yawa da ba su taɓa damuwa da siyasa ba sun fito saboda ita, na ga tsofaffi da ake riƙo da hannu ana kawo su rumfa. Aka ce zaɓen bai kammala ba, aka sa ƙarashensa ranar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi.

Washegari da safe, ana tsakiyar tattara sakamako, sai Kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren ya sanar da cewa Binani ce ta ci, ba tare da alƙaluma ba, alhali doka ba ta ba shi wannan hurumin ba, na baturen zaɓe ne. Hukumar zaɓe daga Abuja ta soke sanarwar a ranar, aka dakatar da shi, ranar 18 ga wata aka bayyana Ahmadu Umaru Fintiri da tazarar da ta haura ƙuri'u 30,000. Ni na zaɓe ta, kuma har yau ina ganin wannan sanarwar ta cuce ta fiye da kowa, domin ta shafe tarihin da ta kafa da guminta. Mace ba ta taɓa zuwa kusa da cin kujerar gwamna ta hanyar ƙuri'a kamar haka ba a Arewa, in ban da Aisha Alhassan a Taraba a 2015, amma yanzu idan aka ambaci zaɓen Adamawa ba wannan ake tunawa ba.

Barista_Mai_Nazari:
Malama 'Yar_Jimeta ta taɓo batun zaɓen da bai kammala ba, kuma ina ganin ya kamata a fayyace shi domin mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin maguɗi kai tsaye. Sashe na 179 na tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya samu ƙuri'u mafi yawa, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Baya ga wannan, akwai ƙa'idar tazara: idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, to ba za a bayyana kowa ba sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. Manufar ƙa'idar mai kyau ce, wato kada wani ya tarwatsa akwatunan yankin abokin hamayyarsa ya ci riba. Illarta kuma ita ce wanda ya ga zai faɗi yana iya tarwatsa akwatuna da gangan domin ya samu zagaye na biyu, inda za a tattara duk ƙarfin kuɗi da na 'yan daba a kan rumfuna ƙalilan.

A 2019 jihohi shida aka ce zaɓensu bai kammala ba: Kano da Sakkwato da Bauci da Adamawa da Filato da Binuwai. A 2023 biyu ne kawai, Adamawa da Kebbi. Wannan ci gaba ne, ko da kuwa abin da ya faru a Yola ya rage masa armashi.

Na_Gama:
Barista, mu da muke Kano mun san illar da ka ambata a aikace. A 2019 Abba Kabir Yusuf yana gaba da tazarar ƙuri'u 26,655 aka ce bai kammala ba, aka dawo ranar 23 ga Maris, aka ƙare Ganduje ya ci da 8,982. Duk wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama a ranar ba zai manta ba. Wannan tabon ne ya sa a 2023 matasa suka ɗauki "a kasa, a tsare, a raka" da gaske, suka kwana a cibiyoyin tattara sakamako har aka sanar ranar Litinin cewa Abba ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna kuma 890,705.

Amma don adalci, ku dubi yadda Gawuna ya ɗaga. Tinubu 517,341 ya samu a Kano, Kwankwaso kuma 997,279. Ke nan NNPP ƙarin da ta samu bai wuce dubu ashirin da 'yan kai ba, ita kuwa APC ta ƙara sama da 370,000. Mutane da yawa sun zaɓi Kwankwaso ko Atiku a sama, suka zaɓi Gawuna a ƙasa saboda shaidar da ake yi masa ta haƙuri da iya zama da jama'a. Wannan shi ne zaɓen shinkafa da wake da Malam Mai_Bibiya yake nufi, kuma a Kano ya tabbata, duk da cewa bai kai Gawuna ga nasara ba.

Bakano_Mai_Adalci:
Malam Na_Gama, na gode da ka faɗi wannan duk da bambancin ra'ayinmu. Ni Gawuna na zaɓa. Amma ka tsallake cewa kotuna biyu sun ce shi ne ya ci. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'u 165,663 daga na Abba ranar 20 ga Satumba saboda takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a watan Nuwamba. Ba daidai ba ne a riƙa magana kamar ƙorafin APC ba shi da tushe.

Barista_Mai_Nazari:
Gyara kaɗan, Malam Bakano. Kotun ɗaukaka ƙara ta fi jingina ne da batun cewa sunan Abba ba ya cikin rajistar 'yan jam'iyyar NNPP a lokacin da aka tsayar da shi. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe duka biyun. Ta ce batun zama ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gida wadda wata jam'iyya ba ta da hurumin shiga, sannan ta mayar da ƙuri'un da aka cire domin ba a tabbatar da cewa takardun ba na hukumar zaɓe ba ne. A ranar ce kuma ta tabbatar da Dauda Lawal, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake zaɓe a wasu sassan Maradun da Birnin Magaji da Bukkuyum, ta kuma mayar da Caleb Mutfwang na Filato.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin shari'a shi ne Filato. Da hujjar da aka tsige gwamna, wato cewa PDP ba ta da tsayayyen shugabanci a jihar, da ita aka tsige 'yan majalisar jiha 16 da wasu 'yan majalisar tarayya. Shari'ar gwamna tana kaiwa Kotun Ƙoli, sai aka gyara. Ta 'yan majalisa kuwa a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa, saboda haka mutanen da jama'a suka zaɓa sun rasa kujerunsu a kan hujjar da kotu mafi girma ta ce kuskure ce, kuma babu inda za su kai kuka.

Tsohuwar_Malamar_Zaɓe:
Zan yi magana a kan abin da idona ya gani, domin na yi aikin rumfa a zagayen biyu. A na farko kaya ba su iso da wuri ba, rana ta ɗaga kafin mu fara, wasu mata suka gaji suka koma gida ɗora girki ba su dawo ba. A na gwamna kuwa da sassafe mun kafa teburi, na'ura tana karanta yatsa, in ya ƙi ta karanta fuska, layi yana tafiya. Bayan la'asar muka juye akwati a gaban kowa, ina ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi tare da ni, na cike fom EC8A na sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, na ɗauki hotonsa da na'urar na tura, kowane wakili ya karɓi kwafinsa, na manna ɗaya a bango. Hannuna yana rawa lokacin da nake rubuta alƙaluman da kalmomi, domin mutane sun fi ɗari a kaina, kowa yana haska takardar da fitilar waya.

Game da batun hatimi da aka tayar a shari'ar Kano, ku sani cewa malamin zaɓe ne yake buga hatimi a bayan takarda ya sa hannu ya rubuta kwanan wata kafin ya miƙa wa mai zaɓe. Idan layi ya yi tsawo ana turereniya, mantuwa tana yiwuwa. Mai zaɓe ba shi da laifi a wannan, bai ma san ana juya bayan takardar ba.

Hajiyar_Kasuwa:
Malama ta faɗi na cikin rumfa, ni kuma zan faɗi na bayan rumfa. A unguwarmu ranar zaɓen gwamna an raba taliya da sabulu da turmin atamfa a wani zaure da ke kusa da layin mata, kuma ba ɓangare ɗaya ne ya yi ba. Mace za ta dangwala, ta ɗan karkata takardar yadda wani da ke tsaye zai hango, a ba ta wata 'yar takarda ta je ta karɓa. A watan Fabrairu ban ga haka da yawa ba, saboda kuɗin ma babu, kuma 'yan siyasar jiha ba su ɗauki zaɓen shugaban ƙasa a matsayin na rayuwa da mutuwa ba. Na gwamna shi ne nasu, a nan ake fito da abin da aka ɓoye. Saboda haka idan Malam Bakatsine yana tambayar abin da ya fito da mutane, wannan ma yana ciki, ko da ba mu so faɗa ba.

Ɗan_Gusau:
Hajiya, an raba a wurinmu ma, kuma mai gwamnati ya fi kowa abin rabawa, amma ya faɗi. Mutane sun karɓa sun zaɓi abin da ke ransu.

Mazaunin_Agege:
Ina zaune a Legas, kuma ina ganin bai kamata a taƙaita muhawarar a kan Arewa ba. Obi ya ci Legas da 582,454 a kan 572,606 na Tinubu, abin da ya girgiza kowa. Bayan mako uku Sanwo-Olu ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na LP ya samu 312,329. A tsakanin zaɓukan biyu an hura wutar ƙabilanci sosai a kan waye ɗan asalin Legas, kuma masu sa ido na cikin gida da na Tarayyar Turai sun ba da rahoton tsoratar da masu zaɓe a wasu unguwanni. Don haka raguwar ƙuri'un LP ba dukanta ce sauyin ra'ayi ba, akwai waɗanda tsoro ya hana fita. Sai dai kuma LP ta ci jihohi 11 da Abuja a zaɓen shugaban ƙasa, amma gwamna ɗaya ta samu, Alex Otti na Abiya, wanda tun 2015 yake neman kujerar. A Inugu ta kusa, inda Peter Mbah ya tsira da tazarar ƙuri'u dubu uku da 'yan kai. Wannan yana nuna cewa mutum aka bi ba jam'iyya ba, kuma inda babu mutumin a takarda sai ƙuri'ar ta watse.

Basakkwace:
Game da Sakkwato, wadda aka ambata sau uku ba a tsaya a kanta ba, ni ban ga juyi ba ko kaɗan. Jihar a rabe take kusan biyu daidai tun da Wamakko da Tambuwal suka raba gari. A 2019 Tambuwal ya kayar da Ahmed Aliyu da ƙuri'u 342 kacal. A Fabrairun 2023 Atiku ya ci da tazarar da ba ta kai 4,000 ba. A Maris kuma Ahmed Aliyu ya kayar da Sa'idu Umar Ubandoma da kusan 49,000, bayan rikicin fitar da ɗan takara ya raba kan 'yan PDP, kuma mutane da yawa suna ganin Ahmed Aliyu ya cancanci a rama masa abin da ya rasa a 2019. Kowace jiha da irin nata labarin, kuma ina shakkar a samu fassara ɗaya da za ta game jihohi 28.

Malamin_Lissafi:
Akwai adadin da har yanzu ba wanda ya kawo. A 2023 Kano tana da masu rajista kusan miliyan 5.9, amma ƙuri'un manyan 'yan takara biyu a haɗe ba su kai miliyan 2 ba. Legas tana da sama da miliyan 7, ƙuri'un zaɓen gwamna kuma ba su kai miliyan 1.2 ba. Idan muna maganar wayewar talaka, to muna maganar kashi ɗaya cikin uku ne ko ƙasa da haka. Sauran ba mu san ra'ayinsu ba, kuma duk ɗan takarar da ya iya fito da wani yanki daga cikinsu, ko da kyautatawa ko da tsoratarwa ko da kuɗi, shi ne yake juya sakamako. Katsina da Zamfara duka sun nuna haka.

Mai_Bibiya:
Na karanta duka, kuma na amfana. Har yanzu ina riƙe da cewa akwai wayewa, domin gwamnoni masu ci irin su Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi da Ayade da Darius Ishaku da Bagudu sun nemi kujerar sanata sun faɗi, abin da a da ba a cika gani ba. Amma alƙaluman Malam Bakatsine da na Malamin_Lissafi sun nuna cewa fitowar sababbin masu zaɓe ta fi sauyin ra'ayi yawa a wasu jihohin. Ina son jin ta bakin 'yan Gombe da Yobe da Kebbi, domin ba su ce komai ba, kuma jihohinsu suna cikin waɗanda na fara lissafawa.

Jikan_Bubayero:
Ga ɗan Gombe ya iso, Malam. A wurinmu ba abin mamaki ba ne, Atiku ɗan yankin Arewa maso Gabas ne, mutane sun zaɓe shi a matsayin nasu, har da 'yan APC da yawa da suka yi hakan a ɓoye. Da aka zo na gwamna kowa ya koma gidansa, ƙuri'un adawa kuma suka rabu tsakanin PDP da NNPP, Inuwa Yahaya ya zarce. Ina jin Yobe ma haka ne, jihar da PDP ba ta taɓa mulka ba tun 1999. Na Kebbi dai sai mun ji daga bakin masu ita, musamman yadda rikicin Aliero da Bagudu ya shafi zaɓen Fabrairu, da kuma rawar da malaman makaranta suka taka wa Nasir Idris Ƙauran Gwandu, tunda shi ne shugaban ƙungiyarsu ta ƙasa kafin ya fito takara.